Zane-zanen fatalwa da tsoron daren yaranmu: Ruwa ba ya tsami banza

A wannan makon za mu ɗan leƙa gidajen adana zane-zane na ƙasashen waje. Kada ku ce mai harhaɗa magani ta yi ɓatan kai, domin dalilin tafiyar yana nan cikin ɗakin da yaranku ke kwana.

Da wuya a samu gida mai yara da ba a da wanda ke ƙin shiga ɗaki shi kaɗai bayan magariba, ko mai cewa ya ga mutum a bayan ƙofa, ko mai farkawa da ihu tsakar dare. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu yi masa dariya ko mu daka masa tsawa. Idan abin ya ishe mu, sai mu aika kemis a sayo abin da zai sa shi barci. Ba kasafai muke zama mu tambaye shi abin da ya gani ba.

Akwai masu zane da marubuta da suka ɗauki irin wannan tsoro da muhimmanci har suka zuba shi a takarda. Wasunsu da shi suka taso tun suna yara, wasu kuma a wurin jama'a suka lura da shi. Abin da ya sa aikinsu ya shafi wannan fili shi ne, idan aka bi diddigin tsoron da suka zana, akan tarar da wani abu na zahiri a ƙarƙashinsa. Wani lokaci jiki ne, wani lokaci iskar da ke cikin gidan, ko rashin da aka yi, ko wani mutum. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dannau a jikin bango

A gidan adana zane-zane na birnin Detroit da ke Amurka akwai wani zane da Henry Fuseli, haifaffen Siwizalan mazaunin Landan, ya yi a 1781. Sunansa The Nightmare, wato mugun mafarki. Wata mata ce kwance rigingine cikin farar riga, kanta da hannayenta sun zubo daga bakin gado. Wata gajeriyar halitta mai munin fuska ta tsuguna a kanta, tana kallon duk wanda ya tsaya gaban zanen. Daga bayan labule kuma kan doki ne ya leƙo da fararen idanu. Da aka baje shi a Landan a 1782 ya tayar da ƙura, aka yi ta buga kwafinsa ana sayarwa.

Bahaushen da ya ga wannan zane ba ya buƙatar tafinta. Dannau ne. Ka farka, kana ganin ɗakinka, kana jin motsin gida, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, ihu ya ƙi fita, ga nauyi a ƙirji, ga jin cewa akwai wani a ɗakin. Mutanen Japan suna da sunansa, mutanen Sin suna kiransa fatalwa mai danne gado, kuma wutsiyar kalmar Turancin nan da Fuseli ya raɗa wa zanensa tsohon suna ne na halittar da Turawan da suka yi imani tana hawa ƙirjin mai barci.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Barci hawa-hawa ne. A matakin da aka fi yin mafarki, ƙwaƙwalwa kan saki tsokokin hannu da ƙafa su daina amsa umarni, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya ruga da gaske. Wata ran mutum kan farka kafin tsokokin su dawo aiki, guntun mafarkin kuma ya biyo shi cikin ɗaki. Tsokokin haƙarƙari ma a sake suke a lokacin, shi ya sa ake jin nauyi a ƙirji, amma babbar tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu tana nan tana aikinta. Abin kan wuce cikin daƙiƙoƙi ko mintuna kaɗan.

Wani nazari da aka wallafa a 2011, wanda ya tattara bincike 35, ya gano kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantar dannau, a tsakanin ɗalibai kuwa adadin ya kai 28 cikin 100. Yakan fara a shekarun balaga, kuma ƙarancin barci da damuwa da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Don haka idan 'yarku mai shirin jarrabawa ta ce ana danne ta, ku duba ƙarfe nawa take kwanciya, da yawan shayi ko lemon ƙara kuzarin da take sha da dare. Ta riƙa kwanciya a kan gefe, idan ya zo kuma ta yi ƙoƙarin motsa yatsa ɗaya tana numfashi a hankali. In abin ya yawaita har barci na kwashe ta ba shiri da rana, sai a ga likita.

Gidan da aka ce akwai fatalwa

A 1925 wani Ba'amurke mai suna Edward Hopper ya zana wani tsohon gidan bene a gefen layin dogo. Ba mutum ko ɗaya a zanen, ba fatalwa, ba jini. Gida ne kawai tsaye shi kaɗai, rana ta haske gefe guda, ɗaya gefen cikin inuwa, layin dogon ya gitta ta gabansa kamar ya tare hanyar shiga. Duk da haka mai kallo kan ji ba ya son kwana a ciki. Zanen yana birnin New York, kuma ana danganta siffar gidan da ke cikin fim ɗin tsoro na Alfred Hitchcock mai suna Psycho na 1960 da shi. Irin waɗannan manyan gidaje na ƙarni na 19 su ne har gobe ake nunawa a fina-finai a matsayin gidan fatalwa.

Abin lura shi ne yadda ake haskaka gidajen wancan zamani da ɗumama su. Da yawansu fitilun gas da ake samu daga kwal suke amfani da su, ga murhun ɗumama gida a ƙasa. A 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a irin wannan tsohon gida a 1912. Ba a jima ba suka fara jin takun mutane da dare, suna ganin wasu a tsaye ko zaune kusa da gado, suna jin kamar ana shaƙe su. Ciwon kai da kasala suka addabe su, yaran suka yi fari suka daina wasa, shuke-shuken cikin gida suka bushe. Wani ɗan'uwan maigidan ne ya ce anya ba guba suke shaƙa ba. Da aka duba murhun ɗumama gidan sai aka tarar ya lalace, hayaƙin da ya kamata ya fita ta bututu cikin ɗakuna yake komawa. Da aka magance matsalar, takun da baƙin daren suka ɗauke.

Gubar ita ce iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa a duk inda fetur, kananzir, gas, itace ko gawayi ke ci ba tare da isasshiyar iska ba. Idan ta shiga jini takan kama sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su shiga ƙishin iska. Daga nan ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ruɗewa, wani lokaci har da gane-gane. Idan ta yi yawa, mai barci ba ya farkawa.

Mu ba mu da murhun ɗumama gida irin nasu, amma muna da janareto da kaskon gawayi. Ku da ke zaune a gidajen haya na Legas ko Ibadan ko Fatakwal kun san yadda ake jera janareto a lungu tsakanin ɗakuna, ko a shigar da shi baranda saboda ruwan sama ko tsoron ɓarayi. A Arewa kuma lokacin hunturu akan shiga ɗaki da kaskon wuta a rufe ƙofa da taga. Sau nawa muka karanta labarin iyalin da aka wayi gari aka tarar da su babu rai, aka fara zargin maita ko sammu, daga baya aka gano hayaƙi ne?

Ga alamun da za ku riƙe. Mutane da yawa a gida suna ciwon kai lokaci guda ba tare da zazzaɓi ba. Ana samun sauƙi idan an fita, ciwon ya dawo idan an kwana a ɗakin. Yara da masu juna biyu su ne kan gaba wajen jigata. Janareto ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa na kallon nesa da gida, na maƙwabci ma a yi masa magana cikin lalama. Kada a kwana da gawayi mai ci a ɗaki. Idan an samu wani ya galabaita, a fitar da shi fili nan take a wuce asibiti, domin oksijin yake buƙata. Madara da manja ba sa cire wannan guba, kuma ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abin sha na iya shaƙe shi.

Yaron da ya rasa uwa

Ko ba ku san sunan Edvard Munch ba, wataƙila kun taɓa ganin zanensa na 1893: wani mutum a kan gada ya dafe kunnuwansa da hannu biyu, baki buɗe, sararin sama ja wur a bayansa. A 2012 an sayar da ɗaya daga cikin nau'o'in wannan zane a kan kusan dala miliyan 120.

An haifi Munch a ƙasar Nowe a 1863. Yana da shekara 5 tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa. A 1877 cutar ta ɗauki yayarsa Sophie tana da shekara 15. Mahaifinsu likitan soja ne mai tsananin riƙon addininsa. Yakan ba yaran labaran fatalwa da dare, idan sun yi laifi kuma ya ce musu mahaifiyarsu na kallonsu tana baƙin ciki. Shi kansa Edvard yaro ne mai yawan rashin lafiya, yakan shafe lokacin sanyi a gida ba makaranta, zane ne abokin hirarsa.

Da ya girma ya zana yayarsa a kan gadon jinya, wata mata ta sunkuyar da kai kusa da ita. Ya fara a 1885, ya yi ta maimaita wannan zane har sau shida cikin kimanin shekara 40. Akwai kuma wani da ya nuna ƙaramar yarinya ta juya wa gadon mahaifiyarta da ta rasu baya, ta toshe kunnuwa, tana kallonmu. Mutum ya kai shekara sittin bai gama fita daga ɗakin da ya shiga yana yaro ba.

Mukan ɗauka yaro bai san mutuwa ba, sai mu bar shi yana zagaye a wurin zaman makoki ba mai ce masa komai. Wasu kan ce masa mamacin ya yi tafiya, ya yi ta jiran dawowarsa. Wasu kan ce barci yake yi, sai yaro ya fara tsoron rufe ido. Baƙin cikin ƙaramin yaro kan fito ta fitsarin kwance bayan ya daina, ko manne wa babba, ko ciwon ciki mara dalili, ko tsoron duhu. Ku faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa: Allah Ya karɓi ran wance, ba za ta dawo ba, ba laifinka ba ne, ga wanda zai kula da kai. Ku koya masa yi mata addu'a. Maraya da yaron riƙo da aka kawo sabon gida sun fi kowa buƙatar wannan zama, kuma kada a mayar da mamaci sandar horo.

Cutar da ta tarwatsa gidan su Munch kuwa, sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar da ke haddasa ta. Yau ana warkewa da magani na wata shida, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Duk wanda tari ya kai masa mako biyu a gidanku, a kai shi gwaji.

Dodanni masu fuskar dangi

A 1963 Maurice Sendak, wanda aka haifa a unguwar Brooklyn ta New York a 1928, ya fitar da wani littafin yara mai hotuna, Where the Wild Things Are. Labarin yaro ne da ya yi ƙiriniya aka tura shi ɗaki ba abincin dare. Ɗakin ya rikiɗe ya zama daji, ya shiga jirgin ruwa ya isa ƙasar dodanni masu manyan haƙora da farata. Ya tsare su da ido har suka rusuna, ya zama sarkinsu, daga baya kewar gida ta kama shi ya dawo ya tarar an ajiye masa abincinsa. Manya da yawa sun ce littafin zai firgita yara. Yaran kuwa suka rungume shi, ya ci babbar kyautar littattafan yara masu hotuna ta Amurka a 1964.

Sendak ya bayyana cewa fuskokin dodannin na dangin iyayensa ne da ke zuwa gidansu cin abinci, suna kusanto da fuskarsu gare shi suna jan kumatunsa. Su a wurinsu wasa ne da ƙauna. A idon ƙaramin yaro kuwa dodanni ne.

Darasi biyu ke nan. Na farko, ba kowane labarin tsoro ke cutar da yaro ba. Kakanninmu sun san haka. Tatsuniya tana da Dodo, amma a tsakar gida ake yin ta, yara sun kewaye kaka, an buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", an rufe da "ƙurunƙus", kuma galibi ƙaramin da aka raina ne ke tsira da dabararsa. Yaro ya ɗanɗani tsoro ya ga ƙarshensa, ya kwanta. A ƙasar Yarbawa Amos Tutuola, haifaffen Abeokuta, ya gina littafinsa na 1954 a kan yaro ɗan shekara 7 da ya faɗa dajin fatalwa ya yi shekara 24 kafin ya dawo gida. Waɗanda suka yi makarantar kwana a ƙasar nan kuma sun san Madam Koi-Koi mai takun takalmi a ɗakin kwana, wadda har fim aka yi a kanta a 2023. Wannan daban yake da bidiyon tsoro da yaro ke kallo shi kaɗai a wayar yayansa cikin duhu, ba farko ba ƙarshe, ba mai riƙe masa hannu. Daban yake kuma da barazanar da muke yi: "Dodo zai kama ka", ko "zan kira mai allura". Ta biyun nan mu ma'aikatan lafiya muke girbar sakamakonta ranar da yaron ya zo rigakafi.

Na biyu ya fi nauyi. Wani lokaci dodon yaro mutum ne. Idan yaronku ya fara tsoron wani ɗaki na musamman, ko ya ƙi a bar shi da wani mutum, ko ya ƙi zuwa aike wani shago da a da yake zuwa da murna, kada ku ce iskanci ne ko rashin kunya. Ku keɓe da shi ku tambaye shi a natse, ku tabbatar masa ba za a dake shi ba komai ya faɗa. Sau da yawa ba wani abu ba ne. A lokacin da wani abu ne kuwa, wannan tambayar ce za ta cece shi.

Abin da ke cikin kwalbar magani

Yanzu mun zo fannina. A zanen Fuseli akwai ɗan teburi kusa da gadon, da 'yar kwalba a kai. Ku ma ku duba naku teburin, domin akwai magungunan da ke kawo mugun mafarki da firgita.

Na farko su ne magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su Piriton da Phenergan, waɗanda wasu iyaye ke ba yaro don kawai ya yi shiru. A jikin wasu yara akasin haka suke yi: yaro ya kasa zama, ya yi ta kuka, ya yi gane-gane. Phenergan, wanda za ku ga an rubuta promethazine a kwalinsa, ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba sam, domin yana iya danne numfashi. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta haramta shi tun 2018, bai da wurin zama a gidan da ke da yara.

Na biyu shi ne montelukast da ake rubuta wa masu asma. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗinta mafi girma saboda illarsa ga barci da halayya, ciki har da munanan mafarkai, saurin fushi, har da tunanin cutar da kai. Maganin zazzaɓin cizon sauro na mefloquine ya samu irin wannan gargaɗi a 2013. Efavirenz da wasu masu ɗauke da cutar ƙanjamau ke sha yakan kawo mafarkai masu ƙarfi a makonnin farko, sannan yawanci su lafa. Prednisolone ma kan hana barci, shi ya sa aka fi so a sha shi da safe.

Tambayar da za ku yi wa kanku ita ce: yaushe tsoron ya fara, kuma wane sabon magani aka fara a makonnin nan? Idan kun ga alaƙa, ku kwashi duk abin da yaron ke sha, har da na gargajiya, ku kai wa likitan da ya rubuta ko mai harhaɗa magani ba tare da jinkiri ba. Maganin ƙanjamau da na farfaɗiya da abin shaƙa na asma, kada a dakatar da su sai da shawarar likita.

Zazzaɓi mai zafi shi kaɗai ma kan sa yaro sambatu da gane-gane. A yi gwajin jini. Idan akwai jijjiga, sanƙarewar wuya, ko yaro ya daina gane mutane, asibiti za a nufa cikin daren, kada a jira safiya.

Firgita ce ko mafarki?

Abu biyu ne da ake haɗawa. Firgitar dare kan zo awa ɗaya zuwa uku bayan yaro ya yi barci, an fi ganinta a 'yan shekara 3 zuwa 7. Zai tashi zaune da ihu, ido buɗe, gumi na zuba, ku yi masa magana kamar bai san ku ba. A gaskiya barci yake yi. Kada ku girgiza shi ko ku watsa masa ruwa. Ku tsare shi kada ya ji ciwo, zai koma ya kwanta da kansa, da safe kuma ba zai tuna komai ba. Gajiya da ƙarancin barci da zazzaɓi ne ke tayar da ita, yawancin yara kuma suna daina ta da girma.

Mugun mafarki ya fi zuwa wajen asuba. Yaro kan farka sarai, ya gane ku, ya ba ku labari, ya nemi ku zauna da shi. Wannan rarrashi yake so.

A kai yaro asibiti idan abin na maimaituwa sau da yawa a dare ɗaya, ko jiki na sandarewa yana fizga, ko yana cizon harshe, ko yana minshari mai ƙarfi numfashi na ɗaukewa, ko tsoron ya fara hana shi makaranta da wasa.

Ba shi takarda da fensir

Abin da Munch da Sendak suka yi suna manya, yaronku na iya yin irinsa a yau da fensir da bayan tsohuwar takarda. Ɗan shekara biyar ba shi da kalmomin da zai bayyana abin da ke damunsa, amma hannunsa na iya nunawa. Da rana za a yi, lokacin da hankalinsa ke kwance. Ku ce ya zana muku ɗakin da dare. Iyayen da ba sa son yaro ya zana abu mai rai, ɗakin ma ya wadatar: ina ƙofa, ina gado, daga wane gefe abin ke fitowa.

Idan ya gama, kada ku fassara masa. Ku ce, "Ba ni labarin wannan." Ku bar shi ya yi magana ko da ta yi tsawo. Zane ba gwajin asibiti ba ne, baƙin launi ko jan launi ba ya tabbatar da komai, hanya ce dai ta buɗe baki. Daga nan ku ɗauki tocila ku je wurin tare da shi. Sau da yawa za ku tarar babbar rigar Baba ce a rataye, ko inuwar bishiya a labule, ko ɓera a silin. Wata ran kuma za ku ga tagar da yake nunawa ita ce ke kallon janareton maƙwabci. Sannan ku tambaye shi yadda yake so labarin ya ƙare, ya zana hakan ma.

Sauran kuwa sanannu ne. Lokacin kwanciya ɗaya kullum, a ajiye waya awa guda kafin barci, a bar ɗan haske idan yana so, a hana yayyensa tsokanarsa. Ku zauna ku yi addu'ar barci tare, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, a tofa a hannu a shafe jiki kamar yadda aka koyar da mu. Yin addu'a bai hana a duba inda janareto yake ba, bai hana a karanta kwalin magani ba. Duka biyun nauyi ne a kanmu.

Don haka a daren yau idan ƙaramin cikinsu ya ce, "Umma, akwai wani abu a ɗakin nan," ku ajiye abin da kuke yi ku tambaye shi mene ne, kuma ku saurari amsar har ƙarshe. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.